Kwamfutar tebur na sa ni ciwon kai kuma tana ja na, radiyeshin ne? Amsa ga mai shagon taifin a Mabera

Tambayar da anka turo min ke nan a taƙaice: wani ɗan'uwa mai shagon taifin da fotokwafi a Mabera, yana wuni gaban kwamfutar tebur tun safe har bayan magariba, ya ce yanzu in ya yi 'yan awoyi sai ciwon kai, ido na yaji, fuska na zafi, da dare barci ya ƙi zuwa, kuma in ya taɓa bayan CPU, wato akwatin kwamfutar, ko bakin USB sai ya ji tana ɗan jan shi. Ƙarƙashin teburin akwai sitabilaiza da UPS mai riƙe ma kwamfuta wuta in an ɗauke, MiFi, wato 'yar na'urar intanet mai cin sim, na kan tebur kusa da kibod, janareto na bakin ƙofa. Wani ya ce mai radiyeshin ne ke cin shi, har ya kawo mai sitikar mannawa da sarƙar wuya wai suna tsotse shi. Yana son sanin yadda zai rage abin, kuma ko ya sayi sitikar.

To Malam, Allah shi ba da lafiya. Ni aikina wayarin ne da haɗa sola da inbata, don haka abin da ya shafi wuta zan faɗa maka kai tsaye, abin da ya shafi jiki kuma zan nuna maka inda za ka kai shi. Sitika dai riƙe kuɗɗinka tukuna, za mu zo kanta.

Cikin duk abin da ka lissafa wanda ya fi tsaya min a rai shi ne jan nan da kwamfutar ke maka, don wanga ba zato ba ne, wuta ce ta gaske ke bin jikinka, kuma dalilinta sananne ne. Cikin pawa fak na kowace kwamfutar tebur akwai wasu ƙananan kafasita da anka sa don su kwashe dattin wuta su zuba shi a jikin ƙarfen akwatin, shi kuma akwatin an yi shi ne da nufin a haɗa shi da ƙasa ta ƙafa ta ukku ta filogi, wagga doguwa ta sama, wato atin. In atin ɗin na nan lafiya lau, dattin ya bi waya ya shige ƙasa ba wanda ya ji. In babu shi kuwa sai jikin akwatin ya tsaya yana reto a wajen rabin ƙarfin wutar gida, wutarmu bolt 230 ce, to sai ka auna jikin CPU da mita ka ga 100 da wani abu, ka ɗora testa ta kawo ja. Abin da ke gudana kaɗan ne shi ya sa yake ja bai kayar da kai ba, amma ka lura ya fi cizo in ƙafarka na kan siminti ba takalmi, ko ka dawo daga alwala hannu da danshi. Kuma ga inda ya haɗu da tambayarka: kwamfutar da ba ta da atin, duk jikinta da wayar kibod da ta maus da firam ɗin monita suna baza tasirin wuta kewaye da su, hannunka na ciki wuni guda, ranar da anka haɗa atin mai kyau wanga tasiri yana faɗuwa warwas. Babu wani gyara ɗaya da zai rage maka abin da kake tsoro kamar wanga.

Wuri ukku atin ke ɓacewa. Na farko igiyar kwamfutar kanta, in mai ƙafa biyu ce irin wadda ake tura tsinke ko murfin biro a ramin sama kafin ta shiga soket, to ba atin, canza ta da mai ƙafa ukku. Na biyu ekstenshan, nan ne anka fi cutar mutane, za ka ga ramu ukku ukku reras a sama amma ka kwance sukurorin bayanta ka duba, waya biyu ce kawai ta shigo, ƙarfen atin na nan zaune ba a ɗaura mai komai ba, wasu ma ƙafar saman filogin roba ce. Mai kyau za ka ga waya ukku, ruwan ƙasa da shuɗiya da mai ratsin kore da rawaya, ko ja da baƙa da koriya in tsohon wayarin ne. Na ukku shi ne ginin kansa, shaguna da yawa wanda ya yi wayarin bai ja wayar atin ba sam don a rage kuɗin waya, ko ya ja ta amma ba a kafa sandar tagulla a ƙasa ba.

Ko an kafa sandar ma mu nan Sakkwato muna da tamu matsalar, ƙasarmu rairayi ce kuma tana bushewa ƙayau, daga hunturu har ƙarshen bazara sandar da anka kafa sama-sama kusan ba ta aikin komai, busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta. Shi ya sa masu wayarin ke haƙa rami su zuba gawayi da gishiri, yana taimakawa, sai dai gishirin na cin ƙarfen a hankali, don haka ba abin da za a binne a manta ba ne. Ni abin da nake ce ma mutane, a nemi wurin da ba ya rabuwa da danshi, kusa da inda ake alwala ko inda ruwan wanka ke bi, a kafa ta da zurfi, in ɗaya ba ta isa ba a ƙara ta biyu nesa kaɗan a haɗa su. Abu ɗaya da ba zan yarda a yi maka ba, kuma ka tsaya kansa ko mai gyaran ya ce haka kowa ke yi: kar a ɗaure atin da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a bayan soket. Jan zai ɓace, za ka ce an gyara, amma ranar da wayoyi sunka juya, misali wajen canji daga wutar gari zuwa janareto, ko nutural ta tsinke a hanya, jikin kwamfutar gaba ɗaya zai ɗauki cikakkiyar wuta. Wanga kashe mutum yake. In da hali a sa maka burekar nan mai yanke wuta in ta ji tana zurarewa, mai miliamfa 30, kuma duk wanga aiki na mai wayarin ne, ba naka ba.

Sai sitabilaiza da UPS da ke gindin ƙafarka. Abin da ke fita daga gare su daban ne da na farko, shi ƙarfin maganaɗisu ne, yana fitowa daga tiransifomar da ke cikinsu, wagga mai nauyin da ke sa in ka ɗaga sitabilaiza ka ji kamar dutse, kuma yana ƙaruwa in kayan da anka ɗora mata sun yi yawa. Shi atin ba ya maganinsa, katako ba ya tare shi, bulo ba ya tare shi, takardar alminiyam da wasu ke naɗewa da ita ma wucewa yake abinsa. Maganinsa ɗaya ne, nisa, amma fa nisan na aiki ƙwarai, don daga ƙaramar tiransifoma irin wagga in ka ninka tazara sau biyu ƙarfin na komawa wajen kashi ɗaya cikin takwas. Wato in yanzu tana santimita 30 daga ƙaurinka ka mai da ita 60 ka zubar da mafi yawa, ka kai ta mita ɗaya da rabi kuwa zancen ya ƙare. To ka fitar da su daga ƙarƙashin tebur, ka kai su kusurwar shago, ka jawo wuta da ekstenshan mai kyau. CPU ɗin ma a ajiye shi gefe, ba tsakanin ƙafafu ba, murfinsa na ƙarfe a rufe da sukurorinsa, na san saboda zafi mutane na cire murfin gefe su kafa mai fanka, to ƙarfen nan shi ke tsare hayaniyar wutar da ke ciki, gara a busa mai ƙura a gyara fankarsa ta ciki. Tarin cajoji da adafta da ke kwance kusa da ƙafa su ma a matsar, wanda ba a aiki da shi a zare. In kana da inbata da batura haka nan, kar su zama a bayan kujerarka ko jikin bangon da kake jingina, kuma batirin ruwa na fitar da iska in yana caji, wurinsa inda iska ke wucewa.

Don ka san girman abin da muke magana a kai, ana auna wanga ƙarfi da mikrotesla. Hukumar ƙasa da ƙasa da ke tsara iyakar irin wanga abu, ICNIRP, a ƙa'idarta ta 2010 ta sa mikrotesla 200 ga jama'a a wuta mai juyi 50 a daƙiƙa irin tamu, a ta 1998 kuwa 100 ne. Yawancin kayan wutar gida in ka ja da baya mita ɗaya ba su kai mikrotesla 1 ba. Ka ga tazarar da ke tsakani.

Monita ba ta da dogon zance in mai faɗi ce ta zamani. Tsoron allon kwamfuta ya samo asali ne tun zamanin masu ƙoƙon baya irin tsohuwar talabijin, a shekarun 1980 ma'aikatan ofis a Suwidin sunka yi ta kukan fuska na musu zafi da ƙaiƙayi gaban allo, daga nan ƙasar ta fito da ma'aunin MPR II a 1990, sannan ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan ofis ta TCO ta fito da nata mai tsauri a 1992, inda ta ce maganaɗisun kar ya wuce mikrotesla 0.2 a santimita 30 gaban allo. Shi ya sa in ka duba monitocin tokumbo da yawa za ka ga 'yar alama an rubuta TCO da shekara a kusurwa, in za ka saya ka samu mai ita to madalla. In har yanzu mai ƙoƙon baya gare ka, canza ta, ko don wutar da take sha da zafin da take ƙara ma shago. Ka zauna nesa da allo gwargwadon tsawon hannunka.

Yanzu MiFi, wanda na san shi anka fi nuna maka da yatsa. Shi abin da yake fitarwa igiyar rediyo ce, iri biyu ma, yana magana da eriyar kamfanin waya a waje, yana kuma magana da kwamfutarka ta wayfai a gigahaz 2.4 ko 5. Ƙarfin wayfai bai wuce wajen miliwat 100 ba, ɓangaren 4G kuma iyakarsa wajen miliwat 200, maus da kibod marasa waya 'yan miliwat ne ƙalilan. Wayar hannunka kuwa in ta faɗa 2G tana iya kai wat 2 a ƙololuwa, kuma ita manne take da kunnenka ko cinyarka. Igiyar rediyo in ka ninka nisa sau biyu tana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, to lissafa da kanka, abin da ke mita ukku da abin da ke manne da fata. Mutum ya kori rauta, wato na'urar da ke raba wayfai, daga ɗaki alhali yana kwana da waya ƙarƙashin matashi bai rage komai ba.

Wani abu da mutane ba su sani ba, waya da MiFi suna ƙara ƙarfi ne in sabis ya yi rauni, in sanda ɗaya gare su sai su yi ta ihu don eriya ta ji su, in sabis ya cika sai su yi ƙasa da murya. Shago mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe kuwa sabis ba ya shiga da kyau. Don haka ɗauke MiFi daga kan tebur ka kai shi bakin taga ko saman ƙofa riba biyu ce, ya yi nesa da kai kuma ya rage ƙarfin da yake fitarwa, intanet ɗin ma ya fi gudu, sai dai kar rana ta buge shi don batirinsa na kumbura. In kana son ka kashe wayfai ɗin ɗungurungum, nemi rauta mai cin sim wadda ke da ramin igiyar intanet a baya, ka ajiye ta can, ka jawo igiya zuwa CPU, irin wagga igiya tana kai mita 100 ba matsala, sannan ka shiga saitin rautar ka kashe wayfai, don sa igiya kawai ba ya kashe shi. Ko MiFi ɗin ma da yawansu suna aiki ta igiyar USB. Kibod da maus ka koma masu waya, sun fi arha kuma ba ruwanka da batir. Kira mai tsawo ka sa a sifika ko iyafis mai waya. Duk wanga ba wani kuɗi mai yawa ba ne shi ya sa ba na hana kowa yi.

In kana son ka ji da kunnenka wane kaya ne ya fi hayaniyar wuta a shagon, ɗauko ƙaramar rediyo mai batir irin ta tsofaffi, ka sa ta a zangon AM inda ba tasha, sai shuuu kawai, ka riƙa kai ta kusa da kaya ɗaya bayan ɗaya. Kusa da caja ta arha za ka ji ta ɓarke da ƙara kamar ana soya abu, kusa da wani ƙwan fitila haka, kusa da inbata mai arha wadda wutarta ba ta fita sumul ba abin ya fi muni, irin wadda ke sa fanka gurnani. Ja da baya taku biyu ka ji yadda ƙarar ke mutuwa. Ba ma'auni ba ne, ba za ta ba ka lamba ba, kuma ba ta jin wayfai, amma tana nuna maka cajar da ta kamata a jefar. Manhajojin waya masu cewa suna auna radiyeshin kuwa ka rabu da su, abin da ke cikin wayar kamfas ne, maganaɗisun duniya yake ji, wanda ko'ina a doron ƙasa yana tsakanin mikrotesla 25 zuwa 65, sai mutum ya buɗe ya ga 30 da wani abu hankalinsa ya tashi, alhali ko tsakiyar daji ya je abin da zai gani ke nan, kakanninmu ma cikinsa sunka rayu.

To yanzu maganar da ba lalle ta yi maka daɗi ba, amma amana ce. Ciwon kanka gaskiya ne, ban ce ƙarya kake ba, kuma ba kai kaɗai ba ne, akwai mutane a ƙasashe da dama masu irin wanga kuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi taro a kansa a birnin Prague a 2004, ta fitar da bayani a 2005, ta ce alamomin na gaske ne kuma suna iya tsananta har su hana mutum aiki, amma ba a samu hujjar da ta ɗaura su da igiyoyin wuta ko na rediyo ba. Yadda anka gwada shi ne a sa mai kukan a ɗaki, a kunna na'ura ko a kashe ba tare da shi ko mai gwajin sun san wanne ne ba. Wani mai bincike a Landan, James Rubin, da abokan aikinsa sun tattara irin waɗanga gwaje-gwaje har 46 da mutum 1,175 a 2010, sakamakon shi ne mutane ba su iya gane ko na'urar na kunne fiye da mai cinta, kuma ciwon na zuwa in sun zaci tana kunne ko da a kashe take. A wani gwajin na 2013 an sa ma mutane eriya a ka anka ce musu wayfai ne, alhali ba abin da ke fita, fiye da rabinsu sunka ce sun ji alamomi. Wanga ba hauka ba ne ba kuma raki ba, haka jikin ɗan Adam yake, fargaba kanta na kawo ciwon kai da bugun zuciya da rashin barci, balle kai da kwamfutar ke ja kullum, dole jikinka ya riƙa ɗar-ɗar da zarar ka zauna gabanta.

Za ka ji ana cewa ai an sa igiyoyin wuta da na rediyo cikin masu kawo ciwon daji, wato kansa. Abin da ya faru shi ne cibiyar binciken kansa ta IARC da ke Lyon a Faransa ta sa maganaɗisun wutar gida a 2002, da igiyar rediyo a 2011, a rukunin 2B, ma'anarsa akwai 'yar alama amma hujja ba ta yi ƙarfi ba. Babban nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa anka yi, wanda ya fito a 2024, bai ga alaƙa tsakanin wayar hannu da kansar ƙwaƙwalwa ba. Kuma kar a haɗa maka su da hoton ƙashi na asibiti, wancan yana da ƙarfin da zai taɓa ƙwayar halitta shi ya sa ake taka-tsantsan da shi, na kwamfuta da rauta ba su da wanga ƙarfi.

Tsorona shi ne kar a bar jaki a koma dukan taiki. Ka ce janareto na bakin ƙofa. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma alamominta na farko su ne daidai abin da ka lissafa, ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, in ta yi yawa a rufaffen wuri kisa take, mun sha jin iyali guda sun kwana ba su tashi ba saboda ita. Shawarar masana lafiya a ajiye shi a waje aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa na kallon nesa. Na san a jerin shaguna wanga da wuya, ga tsoron ɓarayi ga maƙwabci, amma ko sarƙa za ka sa ka ƙara tsawon waya ka yi, kuma ka duba na maƙwabcinka ma ina hayaƙinsa ke bi. Ka lura da kyau, ranakun da akwai wutar gari wuni guda ciwon kan na zuwa kamar ranakun janareto? Amsar wagga tambaya kaɗai tana iya warware maka rabin matsalar. Injin fotokwafi ma, musamman tsoho, yana fitar da wata iska mai ɗan wari da ƙurar tona masu sa yajin ido da maƙoshi in shago a rufe yake.

Sai allon kansa, ba don radiyeshin ba, don ƙyaftawa. Monitoci da yawa in ka rage haske ba rage shi suke ba, kunnawa da kashewa suke da sauri sau ɗaruruwa a daƙiƙa, ido bai gani amma wasu mutane kansu na ɗauka. Gwada: buɗe farin shafi, rage haske ƙasa, ka kaɗa biro da sauri gaban allon. In ka ga biron ya rarrabu kamar guda shida a jere to tana ƙyaftawa, in inuwa ɗaya ce ta shafe sumul to lafiya. In tana yi, ka mai da hasken monita sama ka rage ta wajen kwantaras, ko in za ka canza ka nemi wadda anka rubuta ba ta ƙyaftawa. Doguwar fitilar nan ta da mai cok ita ma tana yi sau 100 a daƙiƙa, da wasu ƙwayayen fitila na arha. Kuma mai taifin yana kafe ido ne, ƙiftawarsa na raguwa sosai, ga fanka na busa mai fuska, ga hunturu da iska ba danshi ga ƙura, ido zai bushe ya yi yaji dole. Duk minti 20 ka ɗaga kai ka kalli wani abu can tsallaken titi na daƙiƙa 20, ka juya fanka ta daina dukan idonka, kar allo ya kalli ƙofa hasken rana na faɗa mai. In ka haura shekara 40 akwai yiwuwar gilashin karatu kawai idon ke nema. Zafin Afrilu da Mayu kuwa da ke haura digiri 40, cikin shagon kwano da injuna na huci, mutum bai sha ruwa ba sai shayi, ba sai an nemo wani dalilin ciwon kai daga nesa ba.

In bayan duk wanga zuciyarka na kan MiFi, yi gwajin da kanka yadda masu bincike ke yi. Ka yi aikin da ba ya son intanet, yaron shagonka ya sa MiFi cikin kwali inda ba ka ganin fitilarsa, ya yanka takardu ya rubuta kunne a wasu kashe a wasu, kowace safiya ya zari ɗaya ya yi abin da ta ce ya rubuta a littafinsa bai gaya maka ba, kai kuma kar ka leƙa waya ko kwamfuta don ganin ko sunan wayfai ɗin ya fito, da azahar ka rubuta a naka littafin yadda kanka yake da abin da kake zato. Bayan sati biyu ku haɗa littafan. Amma ka yi shi bayan an gyara atin an matsar da janareto, kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Sitika kuwa, yi tunani kaɗan, in da gaske tana tare igiyar rediyo to da wayar ta daina samun sabis, tunda sabis ɗin shi ne igiyar. In ba ta tare ba kuɗinka sun tafi banza, in ta tare wani ɓangare wayar ta ƙara ƙarfi don ta cike giɓin. Sarƙar wuyan ta fi ban tsoro ma, a Disamban 2021 hukumar kula da nukiliya ta ƙasar Holan ta gargaɗi mutane kan wasu kaya guda 10 irin waɗanga, har da sarƙoƙin da ake sayarwa da sunan kariya daga 5G, don an auna an tarar su kansu suna fitar da radiyeshin na gaske mai cutar fata in an daɗe ana sawa. Kuɗin ka ba mai wayarin ya saya maka sandar tagulla.

Akwai mutum ɗaya da lissafinsa ya bambanta, wanda anka dasa ma na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, shi kam umarnin likitansa zai bi, waya ta yi nesa da wurin aƙalla santimita 15, kar ya sa ta a aljihun gaba, kar ya rungumi janareto ko inbata suna aiki. In ba ka cikinsu wanga bai shafe ka ba. Amma ciwon kai na kullum da rashin barci ba abin da mai wayarin zai rufe maka zancensa ba ne, ka je a auna hawan jini da sukari, a duba idon, ko a Asibitin Ƙwararru ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ka gaya ma likita awa nawa kake yi gaban allo da maganar janareton, kar ka ce mai radiyeshin kawai ka yi shiru. In kuma ciwon ya zo farat ɗaya da tsanani, ko da amai, ko gani ya dushe, ko wani sashen jiki ya yi nauyi, rufe shagon ka tafi asibiti a ranar.